Itacen Jegon Hansai

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar Hansai, matata ta fari, kuma har yau in na ga an jibge itace a ƙofar gidan mai ciki sai gabana ya faɗi.

Muna wani ƙauye kusa da Kiyawa, Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Mun shekara bakwai ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai ga ciki ya taso. Wayyo murna! Innata ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na saɓi gatari na shiga daji tara itacen wankan jego. Hansai tana tsokanata: "Maigida, sai ka ƙarar da dajin? Giwa zan haifa?"

Amma zazzaɓi ya ƙi sakinta. Ta rame, fatarta ta yi duhu, cikin ya karkata hagu, tauri kamar dutsen niƙa. Wata tara ya wuce shiru. Tsofaffi suka ce kwanciya cikin ya yi, zai tashi. Da aka ce likitan Turawa ya sauka Dutse, Inna ta ɓoye ta a rumbu, don ana cewa farke cikin mata yake yi. Wata safiya Hansai ta kama hannuna ta ɗora a cikin. "Maigida, tsoro nake ji. Abin nan bai taɓa motsi ba." Da itacen nan aka ɗumama ruwan wankan gawarta.

Watan jiya aka ce jikata Binta, a Jahun, ta samu ciki, ga zazzaɓi. Na je na ga yadda ta yi duhu. Na tasa ta gaba sai asibiti. Likita ya ce ba ciki ba ne, saifa ce ta kumbura. Wani ɗan ƙuda da bai kai sauro ba, mai ɓuya a suri da tsagin bango, shi ke cizo ya zuba wa mutum ƙwayar cutar. Ashe bukkarmu ta da a gindin suri take.

Da Hansai za ta ji yanzu allura ake yi wa abin da muka yi wa guɗa, ban san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

Binta na kwance ana mata allurar, ban san yadda za ta kaya ba. Hansai ba ta bar mini ɗa ba, tsoron nan ta bar mini, kuma shi ya kai Binta asibiti. A gidana ba a saran itacen jego sai na ji an ce cikin ya motsa.