Mai Askin Da Aka Sa A Fim

Dogo mai aski ya tsufa da reza a hannu, a wani ɗan shago mai madubi guda da fanka mai ƙara. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a nesa, don haka hirar masu zuwa aski ita ce hirarsa.

Wata rana wani mai shirya fim ya zo gyaran gemu. Ya daɗe yana kallon Dogo ta madubi, sannan ya ce, "Baba, fuskarka nake nema. Ba sai ka iya wasa ba, ka yi askinka kawai."

Fim ɗin irin wanda ake yi kamar da gaske ne: kyamara na rawa, hoto na yankewa, wai kaset ne aka tsinta a jakar wani ɗan jarida da ya ɓace. Dogo ya fito a mai askin da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Maganarsa kaɗan ce. Yana wasa reza, ya dubi kyamara ya ce, "Ni ɗan aike ne. Akwai wani abu can bayan taurari, ya girmi duniya, kuma ya farka da yunwa."

A shagonsa aka ɗauka, da rigarsa ta aiki. Da fim ya fita, aka yanko wannan wurin ya bazu a wayoyi ba wani bayani.

Ba wanda ya zarge shi, kowa ya san wasa ne. Amma mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya zo aski ya zauna, ya ji sanyin reza a maƙogwaro, ya ce, "Dogo, yau dai bar mini gemun." Suka yi dariya. Bai sake zama a kujerar ba. Iyaye ma suka koma kai yara wani shagon.

'Yarsa ta bugo waya. "Baba, jikanka ya gani, ko sunanka aka ambata sai kuka. Me ya kai ka?"

"Aski aka ce in yi," in ji shi.

Sai wata rana da shago ya yi tsit Dogo ya kalli fim ɗin shi kaɗai. Kisan bai dame shi ba. Muryarsa ce ta tsaya masa, yadda ta faɗi maganar kamar ta daɗe da saninta. Tun daga ranar ba ya son ɗaga kai sama.

Yanzu masu leƙowa galibi baƙi ne. Su ɗauki hoto da shi, su roƙa ya maimaita maganar.

"Ku zauna in rage muku suma," yakan ce.

Sai su ce sauri suke yi.