Naman Kazan Baban Asher

"Nas ɗin cewa ta yi naman kaza!"

"To wannan na cikin kwano mene ne sunansa? Je ki kasuwa ki tambaya."

"Mai fuka-fuki take nufi, Baban Asher. Mai ƙafa biyu. Mai cara."

"Ina wurin ai. Ban ji ta ce mai cara ba."

Kubra ta tsaya da tankaɗen da take yi. Bango ɗaya ne ya raba ta da gidan Zamani, wato Baban Asher, kuma bangon bai taɓa riƙe wa kowa sirri ba. A daminar 1989 ne matarsa Hellen ta dawo daga asibiti bayan ɓari, tafin hannunta fari fat. An ce jininta ya yi ƙasa, a ba ta naman kaza. Zamani ya amsa da ladabi, ya ɗauki kwando ya shiga daji, ya dawo da tsiron nan mai kama da laima, wanda Bahaushe ya laƙaba wa suna naman kaza don ya rarrashi cikinsa.

Ba don ba shi da kaji ba. Tun da ya yi ritaya daga aikin reluwe a Kafanchan, kaji ne suka zama jiragensa: ya sake su da safe, ya karɓe su da yamma, ya tsawata wa wadda ta makara. Sai dai kajin suna da aikin da ya fi jinin Hellen muhimmanci. Zaɓen dattawan ikilisiya na tafe, Zamani kuwa ya daɗe yana hango kansa a bencin gaba. Duk baƙon da ke da bakin magana a majami'a, da kaza a hammata yake barin gidan.

Shi ya sa ya zama masani. Da yamma zai baje abin da ya samo a faifai, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su amfana kyauta.

"Wannan babban, mai doguwar saiwa, a gindin suri yake fita. Gara ne ya yi kiwonsa. Shi ne cinya, yana gina jiki. Wannan na ruɓaɓɓen kututture, ƙirji ne, babu mai, bature na sonsa. Wannan baƙin mai kama da kunne, hanta ke nan. Jini zalla!"

Kubra ta sha dafa su duka. Ta san na suri ya fi tsoka da riƙe ciki, na kututture sai tauna kamar ɗanko, mai kunnen kuwa ƙurus-ƙurus ne kawai a miya. Ta kuma san in ka zuba cikin kwando a tukunya, abin da zai rage bai cika tafi ba, sauran duk ruwa ne. Abin da ba ta gane ba shi ne inda cinyar take zuwa, don hanta da ƙirji kaɗai take gani a kwanon Hellen.

Ranar da Hellen ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, Kubra ce ta kama ta.

"Maman Asher, yau me kika ci?"

"Hanta," in ji Hellen, ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Miƙo min mai cara ɗaya ta kan bango," in ji Kubra.

Mijin Kubra, Umar Faruk, ya yi bismilla ya yanka bai tambayi komai ba. Kubra ta yi farfesu da citta, Hellen ta zauna a ɗakinta ta tauna har ƙashi. Da yamma Zamani ya nemi kazarsa ya rasa, ya tsine wa shaho. Mako na gaba ya tsine wa muzuru. Kafin masara ta nuna, ya tsine wa duk abin da ke tashi sama ko rarrafe a ƙasar Jama'a, sai matarsa kaɗai ya bari, don bai taɓa zaton tana da wayon da ya wuce wanki ba.

Hellen ta murmure. Kumatu suka dawo, murya ta dawo. Zamani ya miƙe a sujadar Lahadi ya ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da iyalinsa ta hanyar ilimin da ya ba bawansa. Ya ƙare da gayyatar Fasto Eli cin naman kaza, ana gobe zaɓe.

Zakara ɗaya ya rage, jan nan da ya ɓoye don wannan rana. Da ya dawo daga tarbo Fasto, akurki wayam. Kubra, da ta gama share gashin ja daga tsakar gidanta, ta jawo kujera kusa da bango.

Ta ji ƙarar buɗe kwano.

"Fasto, ga cinya nan," in ji Hellen cikin muryar mawaƙan zumuntar matan majami'a. "Ga ƙirji, ga hanta. Maigida ya ce ya fi mai cara amfani. Kalle ni, ai ka ji shaidarsa."

Fasto ya yi doguwar addu'a, irin ta wanda yake jiran abinci ya canza. Bai canza ba. Ya ci loma kaɗan, ya tuna akwai marar lafiya da ke jiransa.

Kubra ta leƙa ta zaure. Zamani ya biyo baƙonsa har bakin ƙofa, yana riƙe masa keke, gumi na zuba, yana laluben abin da zai ceci bencin gaba. Hellen na tsaye a bayansa tana sakace haƙori.

"Fasto, na suri fa aka zuba maka," ya ce. "Ka san darajansa? Ko matana da yake kwance ba lafiya, ban taɓa ba shi na suri ba."