Na'urar da Ta Yi Shiru a Soron Inna Hajo

Talata Mafara

Ƙarfe shida da kwata na safe abin ya fara lalacewa, lokacin da motar sashenmu ta ƙi tashi. Dole na nufi tasha ni kaɗai da jakata.

Ga dalilin tafiyar. Wata tashar wutar nukiliya ta yi hatsari a wata ƙasa can bayan teku, ɓurɓushin gubarta kuma kan bi iska ya yi nisa. Malaminmu a jami'a ya kafa na'urori uku, a Mafara, Bakura da Maradun, suna zuƙar iska ta cikin wani farin ƙyalle. Nawa aikin in kwaso ƙyallayen a kai ɗakin gwaji. In ɗaya ya ɓaci babu abin kwatantawa, kammala karatuna ya koma baɗi.

Na Mafara ya yi duhu yadda ake so. Na cire shi da safar hannu, na rufe a leda.

Bakura

A hanya direba ya tambayi abin da nake rungume da shi. Na ce a hankali, "Abin da iska ta bari ne."

"Iska? Ke ɗiyar ga, aljannu kika ɗauko muna cikin mota?"

Aka yi dariya, amma tsohuwar da ke gefena ta matsa. A shingen jami'an tsaro na roƙi kada a buɗe ledar. Suka ɗaga ta a rana, suka miƙo mini. Na Bakura ma lafiya lau. Na sha fura a tsaye, na juyo.

Maradun

Sai da na koma ta Mafara, na isa bayan azahar. Gonaki da yawa a bakin hanya ba a taɓa su ba bana.

Na'urar tana soron Inna Hajo, ƙanwar kakata. Tun daga tsani na lura babu ƙara. Ƙyallen fari fat, kamar ranar da aka sa shi. Na duba wayar wuta, na duba batir, na goge farantin sola. Komai daidai. Da hannu aka kashe ta.

Na tambayi Kawu Bello, ɗanta, ya dubi ƙasa. Na tambayi matarsa, ta ce, "Ci tuwonki tukuna." Ban iya ci ba.

Na iso gida kafin magariba, na gode wa Allah, na gode wa su Inna Hajo. Amma har yanzu ina jin abin da ya faru a zaure, da Inna ta rako ni. Na daure na ce, "Inna, don Allah, me ya sa?"

Ta riƙe hannuna.

"Ɗiyata, ni na kashe ta, tun ranar farko. Wanga abu naki bai fasa gurnani. Mu kuwa da kunne muke gadi. In tana aiki, ba mu jin babura in sun taso daga daji."