Sailuba Maitama, Wadda Ta Faɗi Sunan Ɗan Yayanta a Rediyo

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, Umaima ta kira ni ina hanyar ofis, ta ce mahaifiyarta, Hajiya Sailuba Maitama, ta rasu a gidanta na Takoma Park, kusa da Washington. Sai da jirgin ƙasa ya wuce tashata na farga. Rai na Mai shi ne, ya kuwa karɓi abinsa.

Hajiya, na san ki ne bayan rikicin garinmu, da aka raba mulkin ƙaramar hukuma: shugaba daga cikinku Musulmi, mataimaki daga cikinmu Kirista. Ke ce mai ba shugaba shawara kan yaɗa labarai, ni kuma ta mataimaki. Na zo da shirin faɗa, kika tare ni da kunun gyaɗa da ƙa'ida guda: in yaran wani ɓangare suka yi ɓarna, ɗan ɓangaren ne zai faɗa a rediyo, kada a ji daga bakin abokin gaba.

Ba a jima ba aka kashe wani ɗan acaɓa Kirista, Katung, matasanmu suka fara wasa adda. Cikin waɗanda aka kama kan kisan har da ɗan yayanki Almu. Na ce ki bari in karanta sanarwar. Kika ce, "Constance, in daga bakinki ta fito, gobe akwai gawa." Kika faɗi sunan yaron da muryarki, aka mayar da adduna. Daga ranar Almu ya daina amsa gaisuwarki.

Har kika zo Washington kina horar da masu magana da yawun gwamnatocin haɗaka, kika jawo ni aikin, ba ki fasa kiransa duk Sallah ba. Bai taɓa ɗauka ba. Ke mai tsare minista da ido, sai in tarar da ke riƙe da waya kina share hawaye da gefen mayafi. Abin yana ci mini rai.

Ni na kira Almu ranar Talatar, na faɗa masa rasuwarki. Ya ce, "Wallahi bana na yi niyyar ɗauka."

Allah Ya jiƙan ki, Hajiya, Ya haskaka kabarinki. Umaima da Kamal, Allah Ya ba ku haƙurin rashin uwa. Malam Almu, ta daɗe da yafe maka, a gabana ta faɗa. Allah Ya sanyaya maka zuciya.