Tsohon da Ya Buɗe Gandun Dutse

Na haura shekara talatin lokacin da na bar fatauci. Wata cuta ta shiga jakunana a damina ɗaya ta share su, na dawo gida Illela na zauna da mata da 'ya'ya uku, ban san abin da zan kama ba. A lokacin Turawa ba su daɗe da shata iyaka tsakaninmu da mutanen Ƙwanni ba, tsofaffi ma ba su gama mamakin yadda gonar mutum za ta faɗa hannun Ingilishi, rijiyarsa kuma hannun Faransi ba. Ina cikin wannan zaman hakimi ya aiko kirana. Ya ce Baturen daji ya yanka gandu a kan dutse, yana neman wanda ya iya rubutun ajami ya zama malamin wurin. Ban tambayi ko mene ne aikin ba, na ce na karɓa.

Dutsen yana da tafiyar hantsi daga gari in mutum ya yi sammako. Ba wani dogo ba ne can, amma a ƙasarmu ta yashi da shimfiɗa shi ne abin da ido ke fara cin karo da shi. Jikinsa duk itace ne: marke, kirya, kanya, taura, da tsamiya manya-manya a kwarin da ke tsakiya. A saman kwarin akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da rani, yana gangarowa ya cika kwarmin dutse uku, ɗaya ƙasa da ɗaya.

A gindin dutsen na sami wanda zan yi aiki tare da shi, wani tsohon maharbi mutumin Garu, gajere, siriri, gemunsa fari fat. An ba shi rigar kaki da ɗamarar fata, ya ɗora su a kan tsohuwar taguwarsa. Tun ranar nake kiransa Baba, shi kuma yana ce mini Malam, duk da ya san karatun nawa bai yi wani nisa ba.

Dokar da aka ba mu gajeriya ce. An kafa duwatsu an shafa musu farar ƙasa kewaye da gandun, kuma ba mai tsallake su, ko mutum ko dabbar gida. Ni sai na ga aikin mai sauƙi ne. Baba kuwa kullum fuskarsa a murtuke. Wata shida muka yi muna korar mutane: matan da suka zo tsintar taura, samarin da suka saba hawa wanka bayan an gama girbi, fataken da ke sauka su sha inuwa, har da wani malami makaho da 'yarsa ke jagorantarsa duk Alhamis ya zauna bakin ruwa yana tilawa. Ranar da muka mayar da makahon, Baba bai taɓa tuwonsa ba.

Baturen daji yakan zo sau biyu a shekara, a kan doki, da tafintansa. Da ya zo, yana shirin zagaya duwatsun iyaka kamar yadda ya saba, sai Baba ya riƙe linzami ya ce wa tafinta, "Gaya mai shi sauka. Ina so in gwada mai wani abu, doki ba shi zuwa wurin."

Na ɗauka Baturen zai yi fushi. Sai ya sauka. Muka hau a ƙafa, Baba a gaba. Ya kai mu bayan dutsen, inda ba a hangowa daga hanya. Wurin ya ƙone ƙurmus. Wata tsohuwar kirya ta faɗi, cikinta ya zama gawayi.

"Masu ɗibar zuma na," in ji Baba. "Da can da rana suka zakkuwa, su yi hayaƙi a hankali, su kashe wutarsu su tahi. Yanzu a sace suka shiga, suna tsoro, su yada wuta su gudu. Ranka shi daɗe, tun da anka hana shiga, mutanen kirki sun bar zuwa. Ɓarayi ɗai ka shiga. Mu biyu muna da ido huɗu. Da can dutsin ga ido ɗari garai."

Tafinta ya juya maganar. Baturen ya daɗe yana tona tokar da sandarsa. Ya tambayi Baba me yake so. Baba ya ce a bar shi ya buɗe wurin, amma bisa tsari, shekara ɗaya. In itace ya ragu ko wuta ta sake tashi, a kore shi. Baturen ya ce ya yarda, ya kuma ce ni in riƙa rubuta masa duk abin da ya faru.

A wannan shekarar na san ko wane ne Baba. Bai taɓa zama a gaban allo ba, amma abin da ya tsara ban ga wanda ya gyara shi ba har na bar aiki. Ya fitar da hanyar hawa daga gindin wata kanya, ya bi da ita ta inda ƙasa ba ta zaizaya, ya kauce wa sarƙaƙƙiyar da zabin daji ke ƙwai. Inda ya yi tsayi da yawa muka jera duwatsu kamar matakala, saboda tsofaffi. Kwarmin sama ya ce na sha ne, ba mai sa ƙafa. Na tsakiya na wanka. Na ƙasa, wanda ke kusa da iyaka, ya bar wa Fulani su shayar da shanu, suka kuma yi alkawarin ba za su sare reshe ba. Ya gina murhu a kan falalen dutse inda ba ciyawa, ya ce duk mai gasa masara ko dafa wake a nan zai hura wuta, ba wani wuri ba. Ya ware wa mata ranar Laraba, ba namijin da zai wuce kanya sai shi, shi ma a nesa yake tsayawa. Gatari kuwa a ƙasa ake barinsa. Farauta ya halatta ta bayan girbi, ya hana ta daga ruwan farko har amfanin gona ya shigo gida, saboda lokacin namun daji ke haihuwa.

Mutane suka dawo. Da kaka sai ka ga samarin ƙauyen Araba da na Gidan Katta sun cika kwarin, ana kokawa a kan yashi, ana faɗawa ruwa. Fatake masu zuwa daga ƙasar Faransi suna sauke kaya su wanke ƙafa. Makahon malamin nan ya koma wurin zamansa. Kuma abin da Baba ya faɗa ya tabbata: in wani ya shigo da gatari a ɓoye, kafin la'asar wata tsohuwa ta zo ta gaya mana.

Shekara ta zagayo, Baturen ya zo ya duba, ya ce a ci gaba.

A damina ta uku ne aka gwada Baba. Da farko wasu samari suka zo da karnuka da sanduna, sun ji labarin bareyi sun yi yawa. Baba ya zauna a tsakiyar hanya ya miƙe ƙafa, ya ce duk mai wucewa sai ya tsallake shi. Ba wanda ya iya. Suka juya suna gunaguni, babbansu yana cewa, "Mu talakawa anka raina. Da Bature na, da ka kai shi da kanka."

Ba a yi kwana goma ba sai ga Bature. Ba namu na daji ba, wani baƙo ne da ya sauka a bariki, dogo, jajir, da bindiga mai baki biyu da kukunsa da ke masa tafinta. Ya ce an gaya masa akwai barewa a nan, kuma tsohon ya san makwancinsu.

Baba ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Na san makwancinsu. Amma yanzu ɗiya garesu. Shi dawo bayan girbi, ni da kaina ni ka kai shi."

Baƙon ya ce ba zai kai kaka a ƙasar ba, yau yake so. Na ja Baba gefe na ce, "Baba, don Allah ka bar shi. Barewa ɗaya ce. Wannan in ya kai ƙararmu, ni da kai mun tashi daga aiki."

Ya dube ni ba da fushi ba. "Malam, yaran da nik kora kwanan baya, mi zan ce musu?"

Sai ya kwance ɗamararsa ya miƙo mini. "In ka ji ƙarar bindiga, kai ma hakimi wagga, ka ce na aje aiki." Ya juya ga kukun ya ce, "Gaya mai ba ni da ƙarhin hana shi hawa. Amma ba ni kai shi."

Baƙon ya yi wata magana da kukun bai fassara ba, ya saɓa bindiga suka hau su biyu. Ba su bi hanya ba, suka kutsa ta cikin marke. Na waiga in yi wa Baba magana, sai na ga ba ya nan.

Na zauna a gindin kanya da ɗamarar a cinyata tun hantsi har bayan azahar. Ko reshe ya karye sai in ɗauka bindiga ce. Ban ji bindiga ba. Wajen la'asar na hango su suna saukowa, Baba a gaba, baƙon a baya yana ɗingishi, wandonsa duk ƙaya, bindigar kuma a kafaɗar kuku.

Kukun ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce sun yi ta yawo ba su ga ko zomo ba. Ruwansu ya ƙare, suka rasa gabas da yamma, maigidansa ya zauna a kan dutse fuskarsa kamar gauta. Sai kawai tsohon ya fito daga bayan wata taura da gora a hannu. Ashe tun daga ƙasa yana biye da su, ba su ji motsinsa ba. Ya shayar da su, ya kai su kwarmin tsakiya baƙon ya jiƙa kansa. Da ya dawo hayyacinsa, Baba ya ce in zai bar bindiga a nan, zai nuna masa abin da ya zo nema. Suka rarrafa zuwa bakin wani falale, suka leƙa. Bareyi ne a ƙasa suna kiwo, 'ya'yansu na tsalle, wani ko tsayuwa bai iya sosai ba. Kukun ya ce maigidansa ya daɗe a kwance yana kallo, har sai da tsohon ya taɓa shi.

Baƙon bai yi godiya ba, bai kuma yi sallama ba. Ya hau dokinsa ya tafi. Wata biyu muna jiran abin da zai biyo baya, ni kuwa na rubuta komai kamar yadda ya faru, har da maganar da na yi wa Baba a gefe, duk da kunyar da na ji. Da Baturen daji ya zo, ya sa tafinta ya karanta masa takardar sau biyu. Ya yi wa Baba faɗa sosai a kan kwance ɗamara, ya ce ma'aikaci ba ya ajiye aiki a bakin hanya. Baba ya ce ya ji, ya tuba. Sannan Baturen ya ce daga yau hanin farautar damina ya hau kan kowa, baƙi da fari, kuma in rubuta haka in kai wa hakimi. Labarin ya riga ni isa gari. Samarin nan da suka yi gunaguni su ne suka zo da kaka suka taya mu gyaran matakala, ba wanda ya kira su.

Na yi shekara tara tare da shi kafin gwiwoyinsa su gaza. Ya daina hawa, sai ya zauna a ƙasa yana amsa gaisuwar masu wucewa, ni ina zagaye. Daga baya ma ya koma gida Garu wurin 'yarsa, aka ba ni wurinsa.

Na je gaishe shi makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Yana kwance a zaure a kan tabarma, ya rame ƙwarai. Ya tambaye ni idon ruwan dutsen, ya tambayi wata tsamiya da tsawa ta taɓa, na ce ta yi toho. Da na tashi tafiya sai ya kira ni.

"Malam, an ce mini kana yawan tsayawa bisa kan mutane."

Na ce ina dubawa ne kada su yi ɓarna.

"Hutawa sunka zaka yi," in ji shi. "Gaishe su ka wuce. Ka gani daga nesa."

Na ce to, Baba. Na yi masa addu'a, na ɗauki sandata na kama hanyar Illela.