Gangunan Yaya Yuhim

Yayana Yuhim bai taɓa aure ba, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili sai in ce wace mace ce za ta zauna da mutumin da ke shinshina baƙo kafin ya amsa gaisuwarsa. Shekara talatin da 'yan kai yana tsaron rumbun ƙarƙashin ƙasa na kamfanin konyak da ke ƙarshen layinmu, inda barasar inabi ke kwance cikin gangunan katako tana tsufa. Aikinsa ke nan: ya zagaya, ya ƙwanƙwasa ganga, ya kara hanci, ya cika wadda ta ragu. Ni kuwa ƙanwarsa Domna, kyafaffen kifi nake sayarwa a kasuwa, don haka tun fil azal ba ma shan inuwa ɗaya.

Da yaƙi ya iso kudancin Odesa, jiniya ta fara kuka yadda ta ga dama, kuma duk layinmu babu mai ɗakin ƙasa na kirki. Mafakar hukuma tana makarantar da ke hayin gada, nisan da tsoho ba zai kai da gudu ba. Sai Yuhim ya buɗe mana ƙofar baya ta rumbun, ba da sanin manaja ba. Muka yi ta sa masa albarka. Ba a yi sati ba muka fara janye albarkar.

Ya hana ashana da kyandir da taba. Wannan mun yarda, don wurin cike yake da tururin barasa. Amma sai ya ƙara da turare, da tafarnuwa, da kabeji mai tsami, wai katako yana numfashi, abin da ya shaƙa shi zai ba barasar. Jiniya na ihu, mutane na turereniya da kujeru da barguna, shi ko yana tsaye a bakin ƙofa yana shinshina su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar nan ya tare Inna Frosiya, tsohuwar maƙwabciyarmu. “Inna, me kika ci?”

“Abin da uwarka ta saba ci! Matsa in wuce, ɗan nema, ni na goya ka.”

Ya bar ta ta wuce, amma can kusurwa, nesa da ganguna. Ni ko kusurwar ban samu ba. Matakala ya ba ni, dab da ƙofa, inda iska ke kaɗa ni.

“Yaya, sai bam ya sauka a kaina hankalinka zai kwanta?”

“Kwantar da hankalinki. Bam ɗin ma in ya ji warin kifin nan juyawa zai yi.”

Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Wallahi na sha kuka a kan matakalar nan, rabi don tsoro, rabi don takaici.

Duk wannan fitina a kan jerin ganguna ɗaya ne na can ƙurya, wanda yake kira Manya. Shi ya zuba su da hannunsa, daga inabin gonakinmu, kuma da bazara za su cika shekara goma su shiga sahun tsoffi. Tun da aka fara yaƙi tukunyar dafa barasa ta kamfanin ta daina aiki, babu wuta, babu maza. Tsohuwar barasa ake shigowa da ita daga waje cikin tanka a ɗura a kwalba. Su Manya su ne na ƙarshe na gida. Yuhim ya gaya mana har mun haddace: shekarun da barasa ta yi a katako kaɗai ake lissafa mata, ranar da aka juye ta a tankin ƙarfe, ranar tsufanta ya tsaya.

Rannan da hantsi wata jami'ar haraji ta zo duba hatimin da ke kan gangunan, kamar yadda aka saba. Tana tsakiyar dubawa jiniya ta tashi. Sai ga mu mun kwararo, Inna Frosiya a gaba da kyanwarta cikin kwando. Jami'ar ta zauna tare da mu har aka yi shelar komai ya lafa. Sannan ta miƙe ta ce, “Kawu Yuhim, ba ni na yi dokar ba. Mutane da abin da ke kamawa da wuta ba sa zama ɗaki ɗaya. Dole in kai rahoto.”

Manaja bai ɓata lokaci ba. Ya ce a garƙame ƙofar baya, mutane su tafi makaranta. In kuwa ya ji an sake buɗe ta, zai turo tanka a kwashe barasar gaba ɗaya.

Ni ban yi wata tantama ba. Na bi gida-gida ina cewa kowa ya fara gwada ƙafarsa a kan gada, don na san ɗan'uwana. Mutumin da ya ajiye ƙanwarsa a matakala saboda katako, shi ne zai ba da Manya saboda Inna Frosiya da kyanwarta?

Jiniya ta gaba ta same ni a kasuwa. Na nufi gada, sai na hango tsoffin layinmu sun miƙe sun nufi rumbu saboda sabo. Na bi su a guje in dawo da su. Ƙofar a buɗe take. Yana tsaye inda ya saba, fuska a murtuke, yana shinshina mutane fiye da kullum.

“Yaya, ba an ce ka rufe ba?”

“Wa ya tambaye ki? Ga matakalarki can.”

Manaja ya turo motar tanka kafin ƙanƙara ta narke, tun bazara ba ta yi ba. Bai bar yaran motar sun taɓa mesar ba, shi ya riƙa zura ta ganga bayan ganga. Na kai masa miyar kabeji, ya ce in fita da ita. Ga rumbu ana kwashewa, amma mutumin nan yana faɗa da ni a kan kabeji! Na ajiye masa kwanon a waje na tafi ina zaginsa a zuci.

Daga baya muka ji an gauraye Manya da wadda ake shigowa da ita, an manna musu tambarin taurari uku na barasa mai araha, irin wadda masunta ke saya. Rumbun ya zama mafaka ta hukuma, har da benci da fitila, Yuhim kuma maigadinta.

Ranar bikin haihuwarsa na sayi kwalba ɗaya mai taurari ukun na kai masa, ban ma san me ya sa ba. Ya dube ta a wulaƙance, ya buɗe, ya ɗiga kaɗan a kofi. Ya daɗe hancinsa na ciki, idonsa a rufe.

“Suna ciki,” in ji shi. “Can ƙasa. Ungo, ji.”

Na shinshina. Barasa kawai na ji, irin ta kowa. Na ce, “Na ji su, Yaya.”

“Ƙarya kike. Hancinki ya mutu tun kina yarinya.”

Ya mayar da abin da ke kofin cikin kwalbar a hankali, ko ɗigo bai zubar ba. Ya rufe ta, ya ɗora a cinya, ya riƙe da hannu biyu.