Injin da Ba Ya Son Hutu

Shekarar da farashin yuraniyom ya faɗi, aka kawo wani injin gwaji garejinmu na kamfanin haƙar yuraniyom a Arlit. Iskar gaz yake ci ya ba da lantarki, ba ƙara ba hayaƙi, amma ba ya aiki sai cikinsa ya yi zafi kamar maƙera. Da tawaye ya tare hanyar Agadas, gaz ya yi wuya, shef ɗinmu, wato shugaban garejin, ya ce mu riƙa kashe shi da rana, yadda muka saba yi wa janareta. Ashe duk hucewar da ya yi, farantan tangaran da ke cikinsa tsagewa suke. Kuɗin sabbi ya ninka na gaz ɗin da muka tattala. Haka muka lulluɓe shi da tamfol. Bayan damina mu ma aka ce mu je gida mu huta.